Wa Ya Ba Da Jinin Nan?

A shekarar 1818 wani likitan haihuwa a birnin Landan, James Blundell, ya ɗebi jini daga hannun mutum ya ɗura a jijiyar wani mutum. Abin da ya tunzura shi shi ne matan da ke mutuwa a hannunsa bayan haihuwa, jini na zuba an rasa yadda za a tsayar da shi. A shekarun da suka biyo baya ya yi wa mutum goma ƙarin jini, kusan rabinsu suka tashi. Likitocin da suka bi sahunsa sun sha ganin abin tashin hankali: da jinin ya shiga sai majinyaci ya kama makyarkyata, fitsarinsa ya yi baƙi, kafin a ankara rai ya yi halinsa. Ba a san dalili ba sai a 1901, lokacin da Karl Landsteiner a birnin Vienna ya nuna cewa jinin 'yan Adam rukuni-rukuni ne, in aka haɗa waɗanda ba su dace ba sai ƙwayoyin su dunƙule. Da haka aka fara samun maganin jinin da ke kisa nan take. Saura wanda ke kisa a hankali, bayan wata uku ko bayan shekara ashirin. Shi ne aka shafe ƙarni guda ana fama da shi.

A farkon lamari mai ba da jini da mai karɓa a ɗaki ɗaya suke kwanciya, gado kusa da gado, domin jini ba ya jira, da ya bar jijiya sai ya daskare. Likita na kallon fuskar mai bayarwa, sau da yawa ma ɗan'uwan majinyacin ne. Tsakanin 1914 da 1915 likitoci uku, Albert Hustin a Beljiyam, Luis Agote a Ajantina da Richard Lewisohn a New York, kowa a nasa gefen, suka gano cewa ɗan sinadarin sitiret na hana jini daskarewa. A 1917 wani likitan soja, Oswald Robertson, ya riƙa ajiye jini a kwalabe cikin ƙanƙara a fagen daga a Faransa. A 1937 Bernard Fantus ya buɗe ma'adanar jini a asibitin Cook County da ke Chicago, ya raɗa mata suna banki. Alheri ne babba, ya ceci rayukan da ba su ƙirguwa. Amma daga ranar jini ya rabu da fuskar mai shi, ya koma kwalba mai lamba, likitan da zai ɗaura wa majinyaci bai san daga jikin wa ta fito ba.

Cututtukan farko da aka kama suna bin jini su ne zazzaɓin cizon sauro, wanda aka rubuta labarinsa a 1911, da tunjere a 1915. Tunjere ya zo da sauƙi, domin tun 1906 akwai gwajin Wassermann, kuma daga baya aka lura cewa ƙwayar cutar ba ta jure sanyin firji fiye da 'yan kwanaki. Lokacin da Percy Oliver ya kafa ƙungiyar 'yan sa-kai masu ba da jini a Landan a 1921, ya sa a riƙa duba lafiyar kowannensu, a gane rukunin jininsa, a yi masa gwajin tunjere, sannan a rubuta sunansa a rajista. Tun a lokacin an riga an gane cewa aikin ƙafa biyu gare shi: sanin mutumin, da gwada jininsa.

Ciwon hanta ne ya fara nuna wa duniya girman haɗarin. A 1942 sojojin Amurka da ke shirin yaƙi suka fara kwanciya a barikoki, idanu sun yi ɗorawa, jiki ya mutu. Kimanin dubu 50 ne suka kamu. Aka bi diddigi aka tarar da allurar rigakafin zazzaɓin shawara ce sila, domin an gauraya ta da ruwan jinin mutane don kada ta lalace, kuma cikin waɗanda aka ɗebi jininsu akwai masu ɗauke da cutar da ba a san sunanta ba tukuna. Sai bayan shekara arba'in da wani abu aka tabbatar ciwon hanta nau'in B ne, aka kuma ƙiyasta cewa waɗanda ƙwayar ta shiga jikinsu sun kai kusan dubu 330. A 1943 Paul Beeson a Atlanta ya ba da labarin majinyata bakwai da idanunsu suka yi ɗorawa wata ɗaya zuwa huɗu bayan an ƙara musu jini. Yaƙi kuma ya zo da wata dabara, ta haɗa ruwan jinin mutane da yawa a mazubi ɗaya a busar da shi ya zama gari don a kai fagen daga. Wake ɗaya ke ɓata gari: mutum guda mai cuta ya isa ya gurɓata mazubin duka. A yaƙin Koriya kusan ɗaya cikin biyar na sojojin da aka ba irin wannan ruwan jini sun kamu da ciwon hanta.

A wannan zamani babu gwajin da zai nuna cutar. Abin da ya rage shi ne a dubi mai bayarwa, kuma nan ne wani likitan fiɗa, J. Garrott Allen, ya kafe. Ya yi aiki a Chicago sannan ya koma Stanford, ya shafe shekaru yana bin majinyatansa bayan an sallame su, yana rubuta wa ya kamu, jinin wa aka ba shi. Ya gano cewa wanda aka ƙara wa jinin saye ya fi wanda aka ƙara wa jinin kyauta shiga haɗari ninkin-ba-ninkin. A Amurka ta lokacin shagunan sayen jini a unguwannin marasa galihu suke buɗewa, kusa da mashaya, wasu ma a gidajen kurkuku. Mutumin da ya kwana da yunwa, ko mai neman kuɗin allurar maye, in aka tambaye shi ko idonsa ya taɓa yin ɗorawa, me zai ce? Ba muguntarsa ba ce. An sa shi a matsayin da faɗin gaskiya zai hana shi abincin dare.

Japan ta koyi wannan darasi ta hanyar da ta ba ta kunya. A watan Maris na 1964 wani matashi ya daɓa wa jakadan Amurka, Edwin Reischauer, wuƙa a cinya a Tokyo. Aka ƙara masa jini, ya tashi, amma ya kwashi ciwon hanta, ciwon da ya bi shi har mutuwarsa a 1990. Jinin Japan a lokacin kusan duka na saye ne, daga 'yan aikin yini da ke sayarwa a kai a kai har jininsu ya tsinke ya koɗe. A watan Agusta na wannan shekara majalisar ministoci ta yanke cewa ƙasar za ta koma jinin sa-kai. Sai da abin ya taɓa jakada aka motsa, alhali talakawan Japan sun daɗe suna kwasar cutar ba wanda ya ɗaga murya.

A 1970 masanin zamantakewa na Ingila Richard Titmuss ya fitar da littafinsa The Gift Relationship, inda ya kwatanta tsarin Birtaniya na kyauta da na Amurka na kasuwa. Hujjarsa ita ce lafiyar jini tana rataye ne a kan gaskiyar mai bayarwa, kuma kuɗi na lalata wannan gaskiyar. Littafin ya yi tasiri a Washington. A 1973 gwamnatin Amurka ta sanar da manufar komawa jinin sa-kai, a 1978 kuma aka wajabta a rubuta a jikin kowace leda ko ta saye ce ko ta kyauta. Da likitoci suka fara ganin rubutun, kasuwar jinin ƙari ta mutu da kanta.

Ana cikin haka gwajin farko ya iso, ta hanyar da ba wanda ya zata. Baruch Blumberg ba ciwon hanta yake nema ba. Yawo yake a duniya yana tara jinin al'ummomi don ya ga bambancin halittarsu. A 1957 ma ya zo Nijeriya ya ɗebi jinin jama'a, ciki har da Fulani makiyaya da dabbobinsu. A tsakiyar shekarun 1960, shi da wani matashin likita Harvey Alter suka ga wani baƙon abu a jinin wani ɗan asalin Ostiraliya, suka sa masa sunan ƙasar. A 1968 Alfred Prince a New York ya tabbatar cewa abin nan alamar ciwon hanta nau'in B ce. Zuwa 1972 ana gwada jinin ƙari da shi a Amurka da Birtaniya, kuma Blumberg ya karɓi lambar Nobel a 1976.

Abin da Alter ya gani a asibitin Cibiyar Binciken Lafiya ta Amurka ya cancanci a tsaya a kansa. A ƙarshen shekarun 1960, cikin masu fiɗar zuciya da aka ƙara wa jini da yawa, kusan ɗaya cikin uku ne ke kamuwa da ciwon hanta. A 1970 asibitin ya yi abu biyu a lokaci guda: ya daina sayen jini, ya fara sabon gwajin. Adadin ya faɗo zuwa kusan ɗaya cikin goma. Da aka zauna aka yi lissafi sai aka ga daina sayen ne ya yi mafi yawan aikin, domin akasarin masu kamuwa ba nau'in B ne ke kama su ba. Ba kuma nau'in A ba ne, kamar yadda aka tabbatar a 1975. Wata ƙwaya ce ta uku da ba a gani, ba a iya shukawa a ɗakin gwaji, ana dai kiranta da "ba A ba, ba B ba". Wato sauya irin mutanen da ake karɓar jininsu ya kare majinyata daga cutar da ko sunanta ba a sani ba, shekara goma sha tara kafin a gano ta. Sai a 1989 Michael Houghton, Qui-Lim Choo da George Kuo a kamfanin Chiron, tare da Daniel Bradley, suka zaƙulo ta, aka kira ta nau'in C. Japan ta fara gwajinta a ƙarshen 1989, Amurka a 1990, Birtaniya sai a Satumban 1991.

Sai dai kasuwar da aka rufe ta jinin ƙari ce kawai. Ta ruwan jini, wanda kamfanoni ke sarrafawa su yi magunguna, ta ci gaba da ci, har ta ƙetare teku. A farkon shekarun 1970 wani kamfani, Hemo Caribbean, yana sayen ruwan jinin talakawan Haiti yana kaiwa Amurka. A Managua ta Nikaraguwa akwai wani makamancinsa da ake dangantawa da iyalan Somoza masu mulki. Ɗan jarida Pedro Joaquín Chamorro ya yi ta fallasa shi a jaridar La Prensa, da aka harbe shi a Janairun 1978 jama'a suka cinna wa ginin wuta. Irin wannan ciniki ne ya sa taron Hukumar Lafiya ta Duniya na 1975 ya zartar da ƙudurin kira ga ƙasashe su gina tsarin jininsu a kan 'yan sa-kai da ba a biya.

Babban mai cin wannan ruwan jini shi ne maganin masu ciwon himofiliya, ciwon gado da ke hana jini daskarewa, wanda galibi maza yake kamawa. Yaro mai wannan ciwo in ya bugu a gwiwa jini zai taru a gaɓar, ya kumbura, ya kwana yana kuka. A ƙarshen shekarun 1960 aka samu hodar sinadarin daskarar da jini wadda uwa za ta iya ajiyewa a firji ta yi wa ɗanta allura a gida. Iyaye suka ga kamar an buɗe musu ƙofar kurkuku. Abin da ba a jaddada musu ba shi ne kowace 'yar kwalba daga ruwan jinin dubban mutane aka tace ta, wani lokaci dubu goma ko fiye, cikinsu har da fursunoni da masu allurar maye. An san kusan duk mai amfani da ita yana kamuwa da ciwon hanta, aka ɗauki hakan a matsayin abin da za a iya jurewa.

A watan Yuni na 1981 Cibiyar Yaƙi da Cututtuka ta Amurka ta ba da rahoton farko na cutar da daga baya muka sani da ƙanjamau. A Yulin 1982 aka same ta a jikin masu himofiliya uku. A Disamba aka ba da labarin wani jariri ɗan wata ashirin a San Francisco da aka ƙara wa jini bayan haihuwa, ɗaya daga cikin waɗanda suka ba shi jinin kuma ya mutu da cutar. Ranar 4 ga Janairun 1983 aka kira taro a Atlanta. Masanan cibiyar suka kawo shawara biyu: a riƙa tambayar masu ba da jini game da rayuwarsu, a kuma yi amfani da wani gwajin ciwon hanta nau'in B a matsayin manuniya, tunda mafi yawan masu sabuwar cutar suna da alamarsa. Shugabannin bankunan jini suka ce hujja ba ta isa ba, kuɗin zai yi yawa, masu bayarwa za su gudu. Wakilan maza masu neman maza, waɗanda cutar ta fi yi wa ɓarna a Amurka a lokacin, suka ce tambayar za ta zama wariya. Wani likitan cibiyar, Don Francis, ya bugi tebur yana tambayar mutum nawa ake jira su mutu kafin a yarda. Aka tashi ba a yanke komai ba. A Stanford, Edgar Engleman bai jira ba, a tsakiyar 1983 ya fara tace jini da wani gwajin ƙwayoyin garkuwar jiki, takwarorinsa suka yi ta sukarsa.

An gano ƙwayar a Cibiyar Pasteur ta Paris a 1983, gwajinta kuma ya samu lasisi a Amurka a Maris na 1985. Kafin nan kusan rabin masu himofiliya na ƙasar sun kamu. Cikinsu akwai Ryan White, yaron jihar Indiana da aka hana shiga makaranta, ya rasu a 1990 yana ɗan shekara 18. Zakaran wasan tanis Arthur Ashe ya kwashi cutar a ƙarin jinin fiɗar zuciya a 1983, ya rasu a 1993.

Har nan mutum zai iya cewa duhun jahilci ne, cuta ce sabuwa. Abin da ya faru a wasu ƙasashe ya wuce nan. A Faransa an fitar da umarni a Yunin 1983 cewa a riƙa tantance masu ba da jini da tambayoyi, amma cibiyoyi da yawa suka yi biris, suna ganin tambayar cin fuska ce ga mai kyauta, aka kuma ci gaba da ɗiban jini a gidajen kurkuku. A 1985 cibiyar jini ta ƙasa, ƙarƙashin Michel Garretta, ta ci gaba da raba hodar da ta san ta gurɓata har zuwa Oktoba, alhali akwai wadda aka gasa da zafi aka kashe ƙwayar. An kuma ja ƙafa wajen amincewa da gwajin kamfanin Abbott na Amurka don na Faransa ya samu kasuwa. 'Yar jarida Anne-Marie Casteret ce ta fito da takardun a 1991. Aka ɗaure Garretta shekara huɗu a 1992. A 1999 aka gurfanar da tsohon firaminista Laurent Fabius da ministoci biyu. Aka wanke shi da Georgina Dufoix, aka sami Edmond Hervé da laifi ba tare da hukunci ba. A Japan ministan lafiya Naoto Kan ya nemi gafara a 1996. A Kanada, bayan binciken alƙali Krever, aka karɓe aikin jini daga hannun ƙungiyar Red Cross a 1998.

Birtaniya, ƙasar da Titmuss ya yaba, ita ta fi daɗewa ba ta amsa laifinta ba. Jininta na gida kyauta ne, amma hodar himofiliya daga Amurka take sayo mai yawa. A Janairun 1975 Garrott Allen ɗin nan ya rubuta wa shugaban ɗakin sarrafa jini na Ingila wasiƙa yana gargaɗinsa game da inda kamfanonin ke samo ruwan jinin. A wannan shekara ministan lafiya David Owen ya yi alkawarin ƙasar za ta dogara da kanta, alkawarin da ba a cika a kan lokaci ba. Sai ranar 20 ga Mayun 2024 Sir Brian Langstaff ya fitar da rahoton binciken gwamnati: sama da mutum dubu 30 sun kamu da ƙanjamau ko ciwon hanta nau'in C tsakanin 1970 da farkon shekarun 1990, kimanin dubu uku sun mutu, mafi yawan abin ana iya kauce masa, kuma an ɓoye wa mutane gaskiya. A makarantar Treloar's da ke Hampshire, cikin yara 122 masu himofiliya da suka yi karatu tsakanin 1970 da 1987, kusan 30 ne kawai suka rage da rai a lokacin rahoton. Iyayen da yawa sun mutu ba su ji wannan rahoto ba.

A lardin Henan na ƙasar Sin kuwa masu bayarwar ne suka kamu. A farkon shekarun 1990 aka buɗe tashoshin sayen ruwan jini a ƙauyuka. Sai a haɗa jinin manoma masu rukuni ɗaya, a tace ruwan, a mayar musu da jajayen ƙwayoyin a gauraye don su iya dawowa da wuri. Ƙauyuka sukutum suka kamu. Likita Wang Shuping da ta fara ankarar da hukuma ta rasa aikinta, Gao Yaojie da ta yi ta yawo tana tallafa wa marayun ta ƙare rayuwarta a New York a 2023.

Tantancewa ma tana da nata zalunci idan aka yi ta da ƙabila maimakon hali. Amurka ta hana 'yan Haiti ba da jini, har dubun dubatarsu suka yi tattaki a kan gadar Brooklyn a Afrilun 1990, aka janye dokar a ƙarshen shekarar. A Isra'ila aka gano a 1996 cewa ana karɓar jinin Yahudawa 'yan asalin Habasha ana zubarwa a ɓoye. Hukumar jini ta Afirka ta Kudu tana sa launin fata a ma'aunin haɗari har zuwa 2005. Ban ga hujjar da za ta wanke karɓar kyautar mutum a yi masa godiya sannan a zubar a bayan idonsa ba. Tsarin da duk ƙarfinsa yake kan mai bayarwa ya faɗi gaskiya bai kamata shi ya yi wa mai bayarwa ƙarya ba. Afirka ta Kudu ta maye gurbin wannan ma'auni da gwada kowace leda ita kaɗai da gwaji mafi kaifi, ƙasashe da dama kuma yanzu tambaya ɗaya suke yi wa kowa game da abin da ya aikata.

Me ya sa har yau ake tambaya alhali akwai gwaji? Saboda kwanakin ɓuya. Gwaje-gwajen farko ba ƙwayar suke gani ba, martanin da jiki ya mayar mata suke gani, jiki kuwa yana ɗaukar lokaci. Wanda ya kamu da ƙanjamau yau, gwajin 1985 ba zai nuna ba sai bayan kusan wata biyu. Na ciwon hanta nau'in C ya fi haka daɗewa. A tsakanin nan jininsa cike yake da ƙwayar, takarda kuma ta ce lafiya lau. A ƙarshen shekarun 1990 Jamus, Japan da Amurka suka fara gwajin da ke neman ƙwayar halittar cutar kanta, kwanakin ɓuya suka ragu zuwa kusan goma ga ƙanjamau. A irin waɗannan ƙasashe haɗarin ya koma ƙasa da ɗaya cikin miliyan. Amma bai kai sifili ba, kuma sababbin cututtuka ba su daina zuwa ba: zazzaɓin West Nile ya bi jini a Amurka a 2002, aka fara gwajinsa a 2003, ciwon haukan shanu na Birtaniya kuwa ba a samu gwajinsa ba, sai dai aka yi shekaru ana hana waɗanda suka zauna can tsakanin 1980 da 1996 ba da jini a ƙasashe da yawa.

A Afirka masu buƙatar jini daban ne. Mai jego ce da jini ya ɓalle mata, da yaron da zazzaɓin cizon sauro ya shanye wa jini, da mai sikila, da wanda ya yi haɗarin mota. Binciken da aka yi a asibitin Mama Yemo na Kinshasa, aka buga a 1988, ya nuna yara da dama da aka kai da zazzaɓi sun koma gida da ƙanjamau ta hanyar jinin da aka ƙara musu. Zimbabuwe ta fara gwada jininta tun 1985, cikin ƙasashen farko a duniya, a 1994 kuma aka fara tsarin Pledge 25, inda matasa masu barin sakandare ke alkawarin ba da jini sau 25, su kuma kiyaye kansu don jinin ya kasance mai kyau. Ƙasashe da yawa sun kwaikwaye shi.

Nijeriya ta sanar da samun ƙanjamau a 1986. Tsarin jini na ƙasa baki ɗaya bai tsaya da ƙafarsa ba sai a tsakiyar shekarun 2000. Dokar lafiya ta 2014 ta haramta cinikin jini, a 2021 kuma aka sa hannu a dokar da ta kafa hukumar kula da jini ta ƙasa. Ƙa'ida ita ce a gwada kowace leda don cututtuka huɗu da Hukumar Lafiya ta Duniya ta wajabta: ƙanjamau, ciwon hanta B da C, da tunjere. Binciken ƙasa na 2018 ya nuna kashi 1.4 cikin ɗari na manya na ɗauke da ƙanjamau, amma kashi 8.1 na ɗauke da ciwon hanta nau'in B, mafi yawansu ba su sani ba. Cutar da jama'a ba su cika tsoro ba ita ce ta fi yawa a layin masu ba da jini.

Duk wanda ya yi jinya a asibitocinmu ya san yadda abin yake. Nas ta fito ta ce, "Baba, a je a nemo leda biyu." Sai a kira ƙanne da abokai da 'yan unguwa. In ba a samu ba, ko rukunin bai dace ba, akwai waɗanda ke zaune a bakin ƙofa sun san farashi, za su shiga su ce su 'yan'uwan majinyaci ne. Mutumin Garrott Allen ke nan da wata riga. Shi ma ɗan'uwa na gaskiya yana cikin matsi: gaban yayansa da kawunsa zai ce yana da dalilin da zai hana shi bayarwa? Gwajin kuma a wurare da yawa na tsinke ne, mai ba da sakamako cikin mintoci, wanda ba ya kai na injin ɗakin gwaji kaifi, balle ya ga kwanakin ɓuya.

Ban ce a rufe ƙofa ga dangi ba, domin a yau da jininsu ake ceton mafi yawan majinyata. Binciken da Jean-Pierre Allain da abokan aikinsa suka yi a asibitin Komfo Anokye na Kumasi ya nuna ɗan'uwa na gaskiya da ɗan sa-kai mai zuwa karon farko haɗarinsu bai bambanta sosai ba idan shekarunsu ɗaya. Wanda ya fi kowa aminci shi ne mai dawowa, wanda aka gwada shi sau uku, sau biyar, aka san shi, aka riƙe lambar wayarsa. A wannan asibiti ne kuma aka gwada wanke jini da sinadarin bitamin B2 da haske mai kashe ƙwayoyi. Sakamakon da aka buga a 2016 ya nuna zazzaɓin cizon sauro da ke bin leda ya ragu daga kashi 22 zuwa 4 cikin ɗari. Wannan ya shafe mu kai tsaye, tunda a Turai ana dakatar da wanda ya dawo daga ƙasar sauro na tsawon watanni, mu kuwa in muka yi haka ba wanda zai rage.

Ma'aunin da aka saba amfani da shi shi ne ƙasa na buƙatar aƙalla leda ɗaya ga kowane mutum ɗari a shekara. Ga Nijeriya hakan na nufin sama da leda miliyan biyu. Abin da ake samu daga 'yan sa-kai masu dawowa bai kama ƙafar wannan adadi ba, ledar kuma ba ta wuce kimanin kwana 35 a firji, in akwai wuta. Giɓin da ya rage, a halin yanzu dangi ne ke cike shi, da mutanen bakin ƙofa.